Baburan Sin da na Japan masu matsakaicin inji: yadda ake auna farashi, ƙarfi da daraja kafin a saya

A da, wanda yake neman babur mai inji tsakanin cc 400 zuwa 900 ba ya dogon tunani, domin zaɓinsa ba ya wuce Honda, Yamaha, Suzuki da Kawasaki, sai kuma 'yan kamfanonin Turai ga mai halin biyan kuɗinsu. Yanzu kamfanonin ƙasar Sin, musamman CFMoto, Voge, QJ Motor da Kove, sun shigo wannan aji da babura masu kyan gani, cike da na'urori, a kan farashin da yake sa mai saye ya sake kallon takardar kuɗin. Abin da nake so wannan jagora ta tabbatar a zuciyar mai karatu shi ne cewa sunan ƙasa ya daina isa a yanke hukunci da shi, kuma kuɗin da aka rubuta a jikin babur kashi ne kawai na abin da za a kashe a kansa. Bambancin da ya rage tsakanin ɓangarorin biyu yana zaune ne a wuraren da ido ba ya gani ranar saye, don haka can za mu fi daɗewa.

Mataki na farko: ka haɗa kowane babur da sa'ansa

Ajin matsakaitan babura yana da faɗi, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko babur mai cc 450 a jera shi da mai cc 700 don kawai kuɗinsu ya zo kusa. A ƙasan ajin akwai masu ƙarfin doki 40 zuwa 48, irin su Honda NX500 da CB500 Hornet masu inji cc 471, da Kawasaki Z500 mai cc 451, kuma abokan karawarsu su ne CFMoto 450MT da 450NK, da Voge 525DSX, da TRK 502 na Benelli, sunan Italiya da ke hannun kamfanin Sin. Yawancinsu an tsara su ne don su dace da lasisin A2 na Turai, wanda bai yarda ƙarfin inji ya wuce kilowat 35 ba. A tsakiya akwai Yamaha MT-07, Kawasaki Z650 da Suzuki SV650, masu ƙarfin doki kusan 70, waɗanda CFMoto 700CL-X da Benelli TRK 702 suke fuskanta. A sama kuwa akwai Honda CB750 Hornet da Transalp, da Suzuki GSX-8S, a gefe guda kuma CFMoto 800NK da 800MT da Voge 900DSX. Ka fara da tantance aikin da baburin zai yi maka, ko zirga-zirgar cikin gari, ko doguwar tafiya da kaya da goyo, ko hanyar da babu kwalta, sannan ka zaɓi biyu ko uku daga rukuni ɗaya.

Mataki na biyu: ka binciki asalin injin da masana'antar da ta ƙera shi

A nan ne maganar «na Sin» da «na Japan» take fara rikicewa. Honda tana ƙera dangin CB500 a Tailan, haka ma Kawasaki take yi da baburanta masu cc 650. A ɗaya ɓangaren, CFMoto, wanda aka kafa a 1989 kuma yake birnin Hangzhou, ya ƙulla kamfanin haɗin gwiwa da KTM na ƙasar Ostiriya a 2017, kuma injin cc 799 da ke cikin 800MT da 800NK ya samo asali ne daga na KTM 790. Kamfanin Loncin na birnin Chongqing, wanda ya fito da sunan Voge a 2018, ya daɗe yana ƙera wa BMW injuna, kuma injin cc 895 na 900DSX ɗan'uwa ne ga na BMW F 900. Qianjiang, uwar QJ Motor, ta sayi Benelli na Italiya a 2005, sannan kamfanin motoci na Geely ya zama babban mai hannun jari a cikinta a 2016. Masana'antar da ta shekara tana aiki ƙarƙashin sharuɗɗan ingancin BMW ko KTM ta koyi abin da ba a koyon sa daga kwaikwayo, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ingancin manyan baburan Sin ya tashi cikin ɗan lokaci.

Duk da haka, ka tambayi shekarun injin a kan hanya. Injin Suzuki SV650 yana aiki tun 1999, injin Kawasaki mai cc 649 ya faro ne daga ER-6 a tsakiyar shekarun 2000, na Honda mai cc 471 ya fito a 2013, na Yamaha MT-07 kuma a 2014. Waɗannan injuna an san ciwonsu da maganinsu, an gyara abin da ya buƙaci gyara, kuma akwai ɗimbin masu su da suka ci kilomita dubu ɗari a kansu. Wasu injunan Sin suna cin gajiyar wannan tarihi a kaikaice, kamar injin CFMoto mai cc 649 wanda tsarinsa ya bi sawun na Kawasaki. Amma injin da kamfani ya ƙirƙira da kansa bara ko bariya, komai kyansa a gwajin 'yan jarida, bai riga ya nuna halinsa na tsufa ba. Shawarata a nan mai sauƙi ce: idan samfurin sabo ne fil, ka bar shi ya cika shekara biyu a kasuwa, ko na wace ƙasa ne.

Mataki na uku: ka karanta takardar bayanan babur da idon mai bincike

Abu uku ne suke ruɗa mutane a wannan takarda. Na farko shi ne nauyi. Kamfanonin Japan sun saba bayyana nauyin babur da mai da ruwa da batir a cikinsa, a shirye don hawa, alhali wasu kamfanoni suna bayyana nauyinsa a bushe. CFMoto 450MT, alal misali, ana rubuta masa kilo 175 a bushe, kuma tankinsa yana cin lita 17.5. Tunda litar fetur tana da nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, cikakken tanki kaɗai ya ƙara masa kimanin kilo 13, kafin a sa baƙin mai da ruwan lagireto. Idan ba ka yi wannan lissafi ba, za ka ɗauka ya fi NX500 mai kilo 196 sauƙi da tazara mai yawa, alhali tazarar ƙarama ce.

Na biyu shi ne ƙarfin inji, wanda ake rubutawa da kilowat ko da ƙarfin doki. Kilowat ɗaya yana daidai da ƙarfin doki 1.36 a ma'aunin Turai, don haka ka mayar da duka alkaluman zuwa ma'auni guda. Ka kuma sani cewa abin da kamfani ya rubuta an auna shi ne a bakin inji, kuma wani kaso yana ɓacewa a giya da sarƙa kafin ya isa tayar baya. Gwajin da wata mujalla ko gareji mai zaman kansa ya yi a kan na'urar awo ya fi nuna gaskiya, musamman idan an auna baburan biyu a na'ura ɗaya.

Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne raba ƙarfin da nauyin. Benelli TRK 502 da Honda NX500 suna da ƙarfin doki kusan 47 kowannensu, amma TRK 502 yana kaiwa kimanin kilo 235, wato ya fi na Honda da kusan kilo 40. Wannan nauyi za ka ji shi a tashi, a birki, a cin mai, da kuma duk lokacin da kake tura babur da hannu. Hakan bai hana TRK 502 zama baburin da ya fi kowanne kasuwa a Italiya na shekaru a jere ba, domin mutane da yawa sun fi son girmansa da zamansa daram a kan hanya a farashi mai rahusa, amma ya kamata ka san abin da kake ɗauka. Haka abin yake tsakanin 800MT, wanda ya haura kilo 220, da Transalp mai kilo 208. A baburan cikin gari kuwa tazarar ta rufe, domin 800NK da Hornet 750 nauyinsu da ƙarfinsu sun yi kusa ƙwarai.

Ka kuma duba ƙarfin juyi, wanda ake aunawa da Nm, da inda inji yake ba da shi. MT-07 yana ba da kimanin Nm 67 tun inji bai yi nisa da juyawa ba, kuma wannan ne ya sa yake jin ƙarfi a hannu fiye da abin da alkalumansa suka nuna. Mai hawa na yau da kullum yana rayuwa ne a tsakiyar juyin inji, ba a ƙarshensa ba.

Mataki na huɗu: ka ƙirga kayan da aka ɗora, ka tantance masu amfani

Wannan fili ne na baburan Sin, kuma adalci ne a faɗa. A kuɗin da babur ɗan Japan yake zuwa da abin da ya wajaba kawai, ɗan Sin yakan zo da allon launi mai haɗuwa da waya, shok da ake iya saita shi, na'urar hana taya zamewa, na'urar riƙe gudu a doguwar hanya, wani lokaci har da ƙarafan kariya, akwatunan kaya da fitilun hazo. Kuma sassan ba na banza ba ne: za ka ga Bosch a ABS, wato na'urar hana taya kullewa idan an taka birki, da tsarin feshin mai, KYB a shok, Nissin ko J.Juan ko Brembo a birki, Pirelli ko Metzeler a tayoyin wasu samfurori. Ka rubuta abubuwan da kai da kanka za ka saya da kuɗinka idan ba su zo da babur ba, ka nemi farashinsu a wurin dilan Japan, ka ɗora a kan kuɗin baburinsa. Abin da ba za ka taɓa saya ba, kamar kyamarar gaba ko fitilu masu rawa, ka ba shi sifili a lissafi, har ma ka tuna cewa kowace ƙarin na'ura tana da waya da soket da za su iya lalacewa wata rana.

Sunan kamfani a jikin shok ba ya nufin an saita shi da kyau. Ƙwarewar da kamfanonin Japan suka tara tana bayyana ne a yadda sassa masu sauƙin kuɗi suke aiki tare cikin jituwa, kuma wannan ba ya fitowa a takarda.

Mataki na biyar: ka hau su, ka kuma duƙa ka duba su

Ka yi ƙoƙari ka hau baburan a rana ɗaya kuma a hanya ɗaya. Abin da za ka fara lura da shi shi ne totur a ƙaramin gudu: ka sa giya ta biyu, ka tafi a hankali, ka saki totur ka sake murɗawa kaɗan. Idan babur yana fizga yana dunguri, saitin feshin mai bai nuna ba, kuma wannan shi ne ƙorafin da aka fi yi a kan wasu baburan Sin, ko da yake ƙa'idojin hayaƙi na Turai da ake kira Euro 5 sun jawo irin wannan matsala ga wasu na Japan ma. Ka tambayi dila ko akwai sabunta manhajar inji da ke gyara ta. Bayan haka ka riƙe gudun babbar hanya na ɗan lokaci domin ka ji ko hannu da ƙafa suna girgiza, ka ga ko madubi yana nuna abin da ke baya sarai. Ka gwada shiga kowace giya da neman firi a tsaye, ka taka birki da ƙarfi a wuri mai aminci don ka ji lokacin da ABS yake shiga, ka bi ta kan gargada, sannan ka tsaya cikin cunkoso ka ji zafin da inji yake watsa wa cinya.

Idan ka sauka, ka duƙa. Ka dubi walda a jikin firam, ko santsi take ko dunƙule-dunƙule. Ka dubi kan notuna, da fentin ƙasan inji, da yadda aka ɗaure wayoyi a bayan fitila da ƙarƙashin kujera, da ko soket-soket suna da robar hana ruwa. Amma sabon babur a ɗakin nuni ba zai gaya maka komai a kan tsatsa ba. Ka nemi irinsa da ya shekara uku a hannun wani, ka dubi salansa, notuna, wayoyin taya da maɓallan hannu. Minti goma a gaban tsohon babur sun fi awa guda a gaban sabo, kuma a nan ne za ka ga ko kamfanin ya rage kuɗi a wurin da ya san ba a dubawa.

Mataki na shida: ka yi lissafin abin da baburin zai ci a tsawon zamansa a hannunka

Wannan shi ne zuciyar kwatancen, kuma shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa. Ainihin tsadar babur ita ce kuɗin saye, a cire abin da za a samu ranar sayarwa, a ƙara sabis, kayan gyara, mai, tayoyi da inshora. Bari mu ɗauki misali da alkaluman ƙaddarawa domin a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce ɗan Japan 100 ne, ɗan Sin kuma 75. Idan bayan shekara uku ɗan Japan ya sayu a 70, ɗan Sin a 42, to mai ɗan Japan ya yi asarar 30, mai ɗan Sin ya yi asarar 33, kuma rangwamen 25 da aka gani ranar saye ya narke gaba ɗaya. Amma idan mutanen biyu suka riƙe baburansu shekara takwas, ɗan Japan ya sayu a 40, ɗan Sin a 22, asarar ta zama 60 da 53, kuma mai ɗan Sin ne ya ci riba, muddin baburinsa bai ci masa kuɗin gyara mai yawa ba. Ka cire waɗannan alkaluma ka sa na gaskiya daga kasuwar da kake, ta hanyar duba nawa ake sayar da samfuran biyu masu shekara uku da kilomita kusan ɗaya, da kuma tsawon lokacin da tallar kowanne take ɗauka kafin a saye shi. Baburan Japan sun fi riƙe daraja saboda mai saye na biyu ya yarda da sunan. Wannan faɗuwar daraja kuma tana da wata fuska: ga mai sayen na hannu, ɗan Sin mai shekara biyu da cikakken tarihin sabis yana iya zama ciniki mafi kyau a ajin baki ɗaya.

Sai jadawalin sabis, wanda yake cikin littafin mai babur kuma kowa zai iya nema kafin saye. Ka duba bayan kilomita nawa ake juye baƙin mai, sannan bayan nawa ake duba bawul, domin wannan aiki ne mai cin lokacin bakanike. Yamaha tana neman a duba bawul na MT-07 bayan kimanin kilomita 40,000, Honda kuma bayan 24,000 a dangin CB500. Wasu baburan Sin suna neman a kai su sabis a kusa-kusa fiye da haka, kuma idan garanti ya dogara da yin kowane sabis a wurin dila, to ziyara biyu a shekara maimakon ɗaya kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi. A kan cin mai, kada ka dogara da alkaluman kamfani. Ka nemi abin da masu baburin suke samu, tare da sanin cewa injin Honda mai cc 471 ya yi suna wajen tattalin mai, kuma babur mai nauyi yakan fi sha.

Mataki na bakwai: ka gwada dila da kayan gyara kafin ka ba da kuɗi

Kamfanonin Sin sukan ba da garanti mai tsawo domin su kwantar da hankalin mai saye, kuma abu ne mai kyau, sai dai garanti yana da amfani ne gwargwadon ƙarfin wanda zai cika shi. Ka karanta abin da ya rufe da abin da ya cire, ko yana bin babur zuwa hannun mai saye na biyu, da abin da ke warware shi. Daga nan ka yi gwaji mai sauƙi: ka tambayi farashi da lokacin isowar hannun kulochi, lagireto, robar gefe, fitilar gaba da kwamfutar inji. Waɗannan su ne abubuwan da ƙaramar faɗuwa ko matsalar lantarki take nema. Idan amsar ita ce suna nan a ɗakin ajiya ko za su iso cikin mako, alama ce mai kyau. Idan dila ya fara kame-kame, ka ɗauka cewa wata rana baburinka zai yi wata biyu a gareji saboda abu ɗaya ƙarami. Ka kuma tambayi shekara nawa mai shigo da wannan suna ya yi yana wakiltarsa, da ko bakaniken da ba na dila ba yana da na'urar karanta kwamfutar baburin.

A wannan fanni kamfanonin Japan huɗu suna gaba nesa. Tun shekarun 1960 suke gina hanyoyin rarraba kaya a duniya, kuma akwai kamfanoni masu yawa da ke ƙera musu madadin sassa, tun daga takalmin birki har zuwa shok. Ga mai shirin ƙetare iyakokin ƙasashe a kan babur, wannan kaɗai ya isa ya karkata ma'auni. Kamfanonin Sin ma ba ɗaya suke ba: CFMoto da Voge da Benelli sun kafa wakilai a ƙasashe da dama, yayin da wasu ƙananan sunaye suke bayyana su ɓace cikin 'yan shekaru. Kove ya nuna bajinta lokacin da baburansa uku suka kammala gasar tseren hamada ta Dakar a 2023, amma kammala gasa da tawagar kanikawa abu ne dabam da samun sassa a garin da kake.

Mataki na ƙarshe: ka yanke hukunci bisa halinka

Idan akwai dila mai ƙarfi kusa da kai, kana da niyyar riƙe babur shekara biyar ko fiye, samfurin ya ɗan kwana a kasuwa, kuma ratar farashi ta kai kashi ɗaya cikin biyar bayan ka daidaita kayan da aka ɗora, to ɗan Sin daga manyan kamfanonin nan zaɓi ne na hankali, kuma a wasu wurare, kamar ƙaramin baburin daji mai silinda biyu da tayar gaba inci 21 irin 450MT, ya riga kamfanonin Japan kawo irinsa a wannan girma. Idan kuwa kana canza babur duk bayan shekara biyu ko uku, ko baburin shi ne abin hawanka tilo da ba za ka iya jure zamansa a gareji ba, ko dila mafi kusa yana da nisan yini, ɗan Japan zai fi maka sauƙi a ƙarshe ko da ya fi tsada a farko. Idan ratar farashin ba ta kai kashi goma cikin ɗari ba, ni ɗan Japan zan ɗauka ba tare da jinkiri ba. Kafin ka rufe lissafi kuma, ka ƙara ginshiƙi na uku a takardarka: ɗan Japan na hannu mai shekara biyu ko uku, wanda sau da yawa kuɗinsa yake zuwa daidai da na sabon ɗan Sin. Shi ba shi da sabon garanti ko allon launi, amma wani ya riga ya ɗauki mafi yawan faɗuwar darajarsa, don haka ka bi da shi ta matakai na biyar da na shida kamar yadda ka bi da sauran biyun.